Mene Ne "Mikrobayota"? Mazauna Hanjin Ɗan Alade da Abin da Ke Faruwa da Su Ranar Yaye

Mikrobayota kalma ce da ta yawaita a bakin likitocin dabbobi da masu haɗa abincin kiwo. Ma'anarta ita ce taron ƙananan halittun da ido ba ya gani, waɗanda suka yi zaman dindindin a wani sashe na jikin mai rai. Mafi yawansu bakteriya ne, sai yis da bairos da makamantansu. In an ce mikrobayotar hanji, ana nufin mazauna cikin hanji ke nan. Tana da 'yar'uwa, mikrobayom, wadda ta haɗa halittun da ƙwayoyin gadonsu da ayyukan da suke yi, amma a maganar yau da kullum ana musanya su.

Cikas na farko daga harshenmu yake. Mun saba kiran duk irin waɗannan halittu "ƙwayoyin cuta", sai mai kiwo ya ɗauka duk abin da ke cikin hanji abokin gaba ne da ya kamata a kashe. Ba haka ba ne. A cikin giram ɗaya na abin da ke babban hanjin alade akwai bakteriya daga biliyan 10 zuwa biliyan 100, kuma galibinsu ma'aikata ne: suna narkar da abin da dabbar ta kasa narkarwa, suna tsare wuri kada mugaye su samu mazauni, suna koya wa garkuwar jiki ta bambance baƙo da ɗan gida.

Ɗan alade ne ya fi nuna wannan al'amari a fili, domin a cikinsa komai kan juye cikin kwana uku ko huɗu. Masu kiwo a Kudancin Kaduna da Filato da yankin Numan, da masu kai kaya kasuwar aladu ta Katsit kusa da Kafanchan, sun san zawon da ke biyo bayan yaye ko da ba su taɓa jin kalmar ba.

Daga haihuwa zuwa yaye

Bayan kwana 114 a cikin uwa, ɗan alade kan faɗo da nauyin da bai wuce kilo ɗaya da rabi ba, hanjinsa kusan fayau. Mazaunan farko daga jikin uwa yake kwasarsu: mafitar haihuwa, kan nono, kashinta, da daɓen ɗaki. Mahaifar alade ba ta barin sinadaran garkuwa su ratsa zuwa ga ɗa, don haka duk kariyarsa tana cikin dakashi. Hanjinsa na iya zuƙe waɗannan sinadarai ɗungurungum ne kawai a awa 24 zuwa 36 na farko, daga nan ƙofa ta rufe. Yana buƙatar dakashi giram 200 zuwa 250 a ranar farko. In 'ya'yan sun fi kan nono yawa, a ware manyan a kwando mai ɗumi na kamar awa ɗaya, ƙananan su sha.

Muddin yana shan nono, tsarin a daidaice yake. Tumbinsa bai iya fitar da asid mai yawa ba tukuna, amma bakteriyar Lactobacillus, dangin waɗanda ke mayar da madara kindirmo, suna juya sukarin nono ya zama tsami. Wannan tsamin shi ne mai gadin ƙofa: mugayen ƙwayoyin da ya haɗiya ba sa wuce shi da sauƙi. Nonon kuma yana ci gaba da shafe bangon hanji da sinadarin garkuwa a kowane sha.

Wa ke cin me a cikin hanji

Ƙaramin hanji shi ne wurin zuƙar abinci. In aka tsaga shi aka duba da madubin ƙara girma, bangonsa kamar fuskar sabon tawul yake, cike da 'yan siraran gashi masu kama da yatsu. Su ne ke tsotse sukari da furotin da mai da ma'adinai. Iya tsawonsu, iya abin da dabba ke samu daga abin da ta ci.

Abin da ya kuɓuce wa ƙaramin hanji sai ya gangara babban hanji, inda rundunar take. A nan ne irin abincin ke yanke hukunci. In faiba ce, wato zare-zaren tsirrai da ba ya narkewa, da ragowar sitaci suka iso, bakteriya kan tsimar da su su fitar da wasu ƙananan asid guda uku: asitet, furofiyonet da butiret. Butiret shi ne babban abincin ƙwayoyin bangon babban hanji, kuma zuƙar waɗannan asid tana tafiya tare da zuƙar gishiri da ruwa, abin da ke sa kashi ya yi tauri. In kuwa furotin ne da bai narke ba ya iso da yawa, ruɓewa yake yi: amoniya, da iska mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, da wasu sinadarai masu ƙona bango. Abinci ɗaya, baki biyu ke cinsa, dabba da mazaunan cikinta. Duk wanda zai haɗa abincin yaye ya riƙe wannan.

Ranar yaye

In aka bar uwa da 'ya'yanta, a hankali take yaye su, sai sun kai wata uku zuwa huɗu. A manyan gonaki ana raba su a mako uku zuwa huɗu, rana ɗaya. Dokar Tarayyar Turai ta sa kwana 28 a matsayin mafi ƙaranci, sai in an cika wasu sharuɗɗa a sauko zuwa 21.

Ga abin da ke biyo baya. Ɗan aladen ya rasa uwa, an gwama shi da baƙi, ga faɗa, ga busasshen abinci da bai sani ba. Sai ya ƙi ci, wani kwana ɗaya, wani biyu. Gashin hanji kuwa daga abincin da ke wucewa ta kansa yake rayuwa. In ba abinci sai ya lanƙwashe ya gajarce, cikin kwana biyar yana iya komawa kusan rabin tsawonsa. Nono ya yanke, Lactobacillus sun ragu, tsamin tumbi ya yi sanyi, sinadarin da ke fara narkar da furotin a tumbi ya kasa aiki domin sai da tsami mai ƙarfi yake yi. Sinadaran narkar da hatsi ba su gama ƙosawa ba sai wajen mako shida zuwa takwas. Rana ta uku yunwa ta ci ƙarfinsa, ya afka wa kwami ya cika ciki fiye da abin da hanjin zai iya. Abinci ya kwarara babban hanji ba a narke ba.

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ƙadangaren a nan wani nau'in bakteriyar E. coli ne mai ƙugiyoyi, waɗanda masana ke kira F4 da F18. Da su yake maƙalewa a bangon ƙaramin hanji, ya saki dafin da ke sa hanji ya riƙa zubo ruwa da gishiri maimakon ya zuƙa. Wannan shi ne zawon yaye: ruwa-ruwa, toka-toka ko ruwan ƙasa, yawanci cikin mako biyun farko. Za ka ga gindin wutsiya a jiƙe, ido ya faɗa, ƙashin baya ya fito, gashi ya tashi. Wani nau'in F18 ɗin yana da dafi na daban mai kawo kumburin fatar ido da tangaɗi da mutuwar farat ɗaya, kuma sau da yawa mafi ƙiba a garken yake ɗauka.

Wanda ya tsallake wannan mataki, mazaunan hanjinsa kan sauya zubi: masu cin nono su ja baya, masu cin hatsi irin su Prevotella su yawaita. Sauyin dole ne. Aikin mai kiwo shi ne ya sa ya zo a hankali.

Abin da ke hannun mai kiwo

Koyon ci tun ana shan nono ya fi kowace dabara. Daga kwana 10 zuwa 14 a riƙa zuba ɗan abinci, cikin tafin hannu ɗaya, a faranti marar zurfi inda uwa ba ta kaiwa, a zubar da ragowar kullum. Wannan abincin dai shi za a ci gaba da bayarwa mako ɗaya zuwa biyu bayan yaye, sannan a sauya ta hanyar gaurayawa cikin kwana huɗu ko biyar. Ranar yaye uwa ake ɗaukewa, a bar 'ya'ya a ɗakin da suka sani. A dama abincin kamar kunu mai kauri, a ba su kaɗan-kaɗan sau huɗu zuwa shida a rana, a wanke kwamin tsakanin ci. Wanda ba shi da garin madara ko ingantaccen garin kifi da zai sa a abincin, gara ya jinkirta yaye zuwa mako shida ko takwas. Gaggawar yaye a kan dusa kaɗai asara ce tsantsa.

Furotin kada ya yi yawa. Saukar da shi daga kashi 22 ko 23 cikin 100 zuwa 18 ko 19 a makonnin farko yana rage zawo, da sharaɗin a cike giɓin da layisin da metiyonin da tiriyonin na leda, wato tubalan ginin furotin da ake sayarwa a gari-gari. Ɗanyen waken suya yana da sinadarin da ke toshe narkar da furotin, sai an tafasa shi kamar minti 30 ko an soya. In kuma ya ƙone ya yi baƙi, layisin ɗinsa ya tafi. Ko dafaffen ma yana da furotin da ke tayar da bangon hanjin da bai saba da shi ba, don haka a fara da kaɗan. Farar ƙasa da ake sawa don ƙashi tana kashe tsamin tumbi, kada a cika ta a abincin farko. Dusar alkama kashi 3 zuwa 4 cikin 100 tana taimakawa, amma dusar burukutu da ɓawon shinkafa na manya ne. Masara ko ƙuliƙulin da ya yi fumfuna kuwa a nisanta shi gaba ɗaya, gubarsa tana lalata hanta ta raunana garkuwa.

Sanyi ma yana shiga lissafi. Wanda aka yaye yana son ɗumi na digiri 28 zuwa 30 a makon farko. A daren hunturu a Jos ko Pankshin, daɓen siminti marar shimfiɗa ya isa ya kawo zawo. In ka gan su sun hau kan juna sun yi tsibi, sanyi suke ji.

Firobayotik, firibayotik da abinci mai tsami

Firobayotik su ne rayayyun ƙwayoyi masu amfani da ake bai wa dabba da gangan. Firibayotik kuma abincin waɗannan ƙwayoyin ne. Suna iya taimakawa, amma sakamakonsu ba ya zuwa iri ɗaya a kowace gona, kuma ba sa gyara ƙazamin ɗaki. Zafin injin curin abinci yana kashe Lactobacillus. Dangin Bacillus ne ke jurewa. Ledar firobayotik da ta daɗe a rana a shago, abin da ke ciki ya riga ya mutu.

Akwai hanyar da duk mai yin gasara ya sani. A jiƙa garin hatsi, awo ɗaya da ruwa awo biyu da rabi a ma'aunin nauyi, a rufe a wuri mai ɗumi kwana biyu har ya yi tsami sosai. Mai takardar gwajin tsami ya tabbatar lambar ta sauka ƙasa da 4.5, domin iya saukar lambar, iya ƙarfin tsamin. A riƙa barin rabi ya zama iri ga na gobe. Hatsin kaɗai ake tsimawa, sai lokacin bayarwa a zuba furotin da sauran sinadarai, domin ƙwayoyin kan cinye layisin ɗin leda. Haɗarin yana cikin jiƙon da bai kai ba: a awannin farko dangin E. coli ne ke fara yawaita kafin masu tsami su rinjaye su. In ya yi warin giya ko ɗoyi, a zubar.

Maganar magani

Shekaru da dama an rufe wannan matsala da maganin kashe ƙwayoyi a cikin abinci da kuma zink oksayid mai yawa, kimanin kilo 3 a tan ɗaya na tsawon kwana 14. Siwidin ta hana sa maganin kashe ƙwayoyi don ƙara girma tun 1986, Tarayyar Turai ta bi a 2006, sannan ta hana zink mai yawa a watan Yunin 2022 saboda taruwarsa a ƙasar noma. A 2015 masana a Sin suka bayyana wata ƙwayar gado, mcr-1, a jikin E. coli na aladu, wadda ke sa maganin kolistin ya daina ci, alhali yana cikin magungunan ƙarshe da ake ceton mutane da su a asibiti. Wannan ya shafi kowa, mai kiwon alade da wanda bai taɓa kusantarsa ba. Haka ma ta fuskar alheri: hanjin ɗan alade ya yi kama da na jariri, shi ya sa binciken da aka wallafa a 2019 kan abincin gyara mikrobayotar yara masu tamowa a Bangaladash ya gwada abincin a kan 'yan aladu.

In zawo ya riga ya zo, rashin ruwa a jiki ne ke kashewa kafin ƙwayar. A ajiye ruwan gishiri da gulukos a gabansu nan take, domin hanyar da hanji ke zuƙar su tare tana aiki ko dafin na nan. Kada a ba jariran alade na makon farko sukarin shayi, ba su iya narkar da shi ba. Kuma ba kowane zawo ne na E. coli ba. Mai kauri, rawaya ko fari, a kwana 7 zuwa 14 da haihuwa, yawanci koksidiya ce, wata ƙwayar hanji da ba bakteriya ba, maganin bakteriya na yau da kullum ba ya taɓa ta. Toltarazuril ake bayarwa a kwana 3 zuwa 5 don rigakafi. Jikin ɗan alade ya yi fari fat da haki a mako na biyu ko na uku kuwa ƙarancin jini ne, allurar ayon, wato sinadarin ƙarfe, miligiram 200 a kwana ukun farko ke hana shi. In kuwa zawon da jini ne, ga zazzaɓi mai zafi, kunnuwa sun yi ja, manya ma suna faɗuwa, a dakatar da shige da fice a kira likitan dabbobi, a kai samfuri Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom, don zazzaɓin aladu na Afirka ba shi da magani.