Ma'anar Kaizen: gyaran da ba ya jiran abu ya lalace

Kaizen kalmar Japananci ce da ta shiga bakin masu kasuwanci da masu horar da ma'aikata. "Kai" na nufin sauyi, "zen" kuma abu mai kyau. A dunƙule, gyara ne kaɗan-kaɗan a kullum, wanda kowa a wurin aiki yake da hannu a ciki, tun daga shugaba har mai shara.

Abin da ya sa nake ƙaunar kalmar shi ne ta fi yi wa mai nasara magana. Wanda kasuwa ta juya wa baya ai dole ya tashi tsaye, ba sai an tunzura shi ba. Wanda na fi jiye wa tsoro shi ne wanda ciniki ke tafiya, albashi na fita kan kari, har ya fara cewa "ai haka ma ya isa". Daga ranar da ya faɗi haka, idonsa ya daina ganin aibin aikinsa.

Kamfanin Toyota ne ya fi shahara da wannan ɗabi'a. Tun 1951 ya kafa tsarin karɓar shawarwari daga ma'aikatansa. A masana'antarsa an saka igiyar da ke kunna fitilar gargaɗi da ake kira andon. Ma'aikaci ya ga ƙofar mota ba ta zauna daidai ba, sai ya ja igiyar, fitila ta kunnu, shugaban sashe ya rugo wurinsa. In ba a warware matsalar nan take ba, layin haɗa motocin ya tsaya. Ƙaramin ma'aikaci ke nan aka ba shi ikon tsayar da aiki saboda ƙofa guda. Injiniyansu Taiichi Ohno kuwa ya koyar da a maimaita tambayar "me ya sa?" har sau biyar, don a tono tushen matsala, kada a tsaya shafa mata mai a sama.

Sai dai gyaran ya haɗa har da tambayar ko abin da ake gogewa zamaninsa bai wuce ba. A 1975 Steven Sasson, injiniya a Kodak, kamfanin fim ɗin ɗaukar hoto na Amurka, ya ƙera kyamarar dijital, wadda ba ta buƙatar fim, a cikin kamfanin. Ribar fim ɗin hoto ta yi wa shugabanni daɗi, suka yi ta jan ƙafa. A 2012 Kodak ya garzaya kotu a Amurka yana neman kariya daga masu bin sa bashi.