Ba Kamfanin Hallmark Ne Ya Ƙirƙiro Katin Gaisuwa Ba

An daɗe ana cewa kamfanin Hallmark na Amurka ne ya ƙirƙiro katin gaisuwa don ya samu kasuwa. Wannan magana ba ta da tushe. Sai a 1910 Joyce Hall, wanda ya kafa Hallmark, ya fara sayar da kati a Kansas City, alhali tun 1843 Henry Cole ya sa aka buga katin Kirsimeti a Landan.

John Callcott Horsley ne ya zana shi. An buga guda 1,000, aka shafa wa kowanne launi da hannu, aka sa masa farashin sule ɗaya. Tsadar nan ta hana shi yaɗuwa, domin talaka ba zai ba da sule a kan takarda ba. Wasu ma sun soki zanen saboda ya nuna ana ba yaro giya.

Abin da ya buɗe kasuwar shi ne sauƙin kuɗin gidan waya, wanda ya koma kwabo ɗaya a Ingila tun 1840, da kuma ɗab'i mai launi da ya yi arha daga baya. Da irin wannan ɗab'i Louis Prang na Boston ya shigo da katin Kirsimeti kasuwar Amurka a 1875.