Ku Daina Tumɓuke Itacen Saman Dutse Don Baƙo Ya Ji Ɗumi

Sau uku ke nan a wata ɗaya ina hawa ina tarar da abu guda: toka a gefen tanti, kusa da ita kuma ramuka inda aka tumɓuke guntayen itatuwa har saiwa. In na tambaya, amsar ba ta sauyawa: "Baƙo ne ya ce sanyi ya dame shi." To, baƙo ya sha ɗumi na dare ɗaya, ya ɗauki hoto, ya koma ƙasarsu. Ramin kuwa naku ne.

'Yan'uwa masu yi wa 'yan yawon buɗe ido jagora, da 'yan dako, da masu masauki, na san wahalarku. Na kwana a can sama, na san yadda yatsu ke ƙagewa kafin asuba. Amma ɗan itacen nan da bai kai gwiwarka ba, ta yiwu ya girmi kakanka. A inda tsauni ya haura mita 4,000, lokacin tsiro 'yan watanni ne a shekara, sauran duk sanyi da iska. Shi ke riƙe da 'yar ƙasar da ke wurin. Ka cire shi, iska ta kwashi rabi, ƙanƙara ta narke ta tafi da saura, a bar ka da tsakuwa.

An ga irin wannan a yankin Kumbu na ƙasar Nefal, kan hanyar dutsen Everest. Tun bayan da Edmund Hillary da Tenzing Norgay suka kai ƙololuwarsa a 1953 baƙi suka yi ta ƙaruwa, masaukai da 'yan dako suka dinga ƙona wani gajeren itace mai suna junifa. An ayyana wurin gandun ƙasa na Sagarmatha a 1976, amma a can ƙurya sara bai tsaya ba, don ma'aikacin gandu ba zai kwana a gindin kowane itace ba. Sai a 2004 da mutanen Sherpa na yankin suka kafa majalisarsu ta kare saman tsauni, suka hana saran junifa da bakinsu, suka buɗe wurin samun kananzir da risho a ƙauyen Dingboche. Masu wurin ne suka hana kansu, suka kuma tanadi abin da zai maye gurbin icen.

Abin da ke ƙona min rai shi ne, wasunku da ku muke dashe. Da rana mutum ya durƙusa ya kewaye tsiro da duwatsu, da dare ya zagaya bayan tudu da adda. Wa kake yaudara? Kuma don Allah a daina ce min "busasshe na ɗiba". Ina zuwa ina ganin kututturen ɗanye shar. Ko busasshen ma a bar shi, shi ke kāre ƙananan tsiro daga iska.

Ban ce kowa ya sandare ba. Ga abin yi, kun sha ji:

- Risho ko gas, a hau da shi daga ƙasa, a sa kuɗinsa cikin na baƙo.
- Ɗan dako ya samu bargo da wurin kwana mai rufi. Wanda aka bari a kogo dole ya hura wuta, laifin na mai ɗaukarsa aiki ne.
- A gaya wa baƙo tun a gindin dutse cewa babu wuta a sama.
- Wurin da aka killace, kar a shiga, kar a kafa tanti.
- Kwamitinku ya sa tara, kuma ya karɓa ko daga hannun wa.

Baƙon da ya nace, ku turo shi wurina, ni zan yi masa bayani. Mako mai zuwa zan sake hawa, kuma na ƙirga kututturan da na baro.