Katin hoto mai matsakaicin farashi a kwamfutar wasa

Katin hoto shi ne sashen kwamfuta da ke lissafa duk abin da zai bayyana a kan allo, tun daga haske da inuwa har zuwa motsin ƴan wasa a filin ƙwallo. Ana soka shi a ramin PCIe na babban allon kwamfuta, kuma yana da ƙwaƙwalwarsa da fankokinsa da ma'ajiyarsa, inda yake riƙe bayanan hoton da yake aiki a kai. Kamfanoni uku ne suke tsara ƙwaƙwalwar irin waɗannan katuna: Nvidia, wanda ya fitar da GeForce 256 a 1999; AMD, wanda ya sayi kamfanin ATI a 2006; sai Intel, wanda ya shigo da jerin Arc a 2022. Wasu kamfanoni kamar Asus, MSI, Gigabyte da Sapphire ne suke harhaɗa katin su saka sunansu a kai, shi ya sa ake ganin kati ɗaya cikin kwali iri-iri da farashi daban-daban.

Abin da ake kira matsakaicin aji shi ne katin da zai tafiyar da yawancin wasanni a ma'aunin allo na 1920 da 1080, yana fitar da hoto wajen 60 a daƙiƙa guda, ba tare da kuɗinsa ya kai na katunan ƙoli ba. GTX 1060 na 2016, mai ma'ajiya giga 6, ya fito a kan dalar Amurka 249, kuma ya daɗe yana cikin katunan da aka fi amfani da su a duniya. RTX 3060 na 2021 ya zo da giga 12 a kan dala 329, RTX 4060 na 2023 ya zo da giga 8 a kan dala 299, shi kuwa Arc B580 na Intel ya fito a ƙarshen 2024 da giga 12 a kan dala 249. Wannan farashin fitowa ne a Amurka; kafin kati ya iso shago a Yamai, kuɗin jigila da na kwastan da ribar ɗan kasuwa sun hau kansa.

Ma'ajiya ita ce abin da ya kamata mai saye ya fara dubawa, domin ba a ƙara ta bayan saye. Giga 8 ya wadatar ga wasannin ƙwallon ƙafa da galibin wasannin da suka kwana biyu, amma wasu sababbin wasanni, idan aka ɗaga kyan hoto, suna cika ta, hoton ya riƙa tsayawa yana fizga. Wanda yake son katinsa ya yi masa shekaru, giga 12 ko 16 ya fi masa kwanciyar hankali. Sai dai yawan giga kaɗai ba ya nuna ƙarfi, kuma lambar da ta fi girma ba lallai ta fi sauri ba idan zamanin katunan ya bambanta.

A Yamai, cin wuta da zafi suna da nauyin da masu gwajin kati a Turai ba su cika ba su ba. A watannin Afrilu da Mayu zafi yakan wuce digiri 40, kuma katin da ya yi zafi da yawa yakan rage gudunsa da kansa don kada ya lalace. RX 580 na 2017, wanda har yanzu ana samunsa da arha a hannu na biyu, yana jan wat 185, alhali RTX 4060 yana jan 115 kuma ya fi shi sauri nesa ba kusa ba. Bambancin wat 70 yana bayyana a kuɗin wuta na wata, a zafin ɗaki, da kuma daɗewar batir idan an ɗauke wuta, musamman ga mai gidan wasa da ke kunna kwamfuta da yawa tun hantsi har dare. Ƙurar hunturu ma tana toshe haƙarƙarin ƙarfen da ke fitar da zafi, don haka masu gyara sukan buɗe katin su hure shi, su goge busasshen man da ke kan ƙwaƙwalwar, su shafa sabo.

Dole ne kati ya dace da sauran kwamfutar. Ramin PCIe yana ba da wat 75 ne kawai. Ragowar tana zuwa ne daga akwatin wuta ta waya mai baki 6 ko 8, kuma tsofaffin kwamfutocin ofis da ake shigowa da su sau da yawa ba su da wannan waya, ko kuma jikinsu ya yi wa katin kaɗan. Katunan Arc kuwa suna buƙatar babban allon kwamfuta da ke da tsarin Resizable BAR, wanda ke bai wa ƙwaƙwalwar kwamfuta damar kaiwa ga duk ma'ajiyar katin a lokaci guda, in ba haka ba saurinsu yana raguwa ƙwarai.

Katunan hannu na biyu sun yawaita bayan watan Satumba na 2022, lokacin da kuɗin intanet na Ethereum ya daina amfani da haƙar da ake yi da katin hoto, wato sa katuna su yi ta lissafi don samo kuɗin, masu haƙar suka zubar da kayansu a kasuwa. Da yawansu suna aiki lafiya, amma sun yi dare da rana a kunne, fankokinsu sun gaji. Akwai kuma na jabu, inda ake sauya wa tsohon kati suna ya riƙa nuna kansa a matsayin sabo. Saboda haka ake gwada kati a gaban mai shago kafin a biya: a buɗe manhajar GPU-Z a tabbatar da sunansa da ma'ajiyarsa, a kunna wasa mai nauyi na kamar rabin awa, a saurari ƙarar fanka, a duba ko ɗigo-ɗigo ko layuka masu launi suna fitowa a allo, sannan a rubuta kwanakin garanti a kan takardar saye.