Ba maganin tarin fuka ne ke kashe masu jinya ba

Da zarar mai tarin fuka ya rasu bayan fara shan magani, sai ka ji ana cewa a wurin zaman makoki: "Maganin ne ya fi ƙarfinsa." Wannan magana ta daɗe tana yawo a Kano, kuma tana hana wasu zuwa Asibitin Zana, wato asibitin cututtuka masu yaɗuwa.

Yawancin mace-macen suna faruwa ne a watanni biyun farko, domin an makara. Mutum zai yi watanni yana tari, yana zagaye kemis da masu maganin gargajiya, sai huhu ya lalace, jiki ya rame, sannan a kawo shi. Idan akwai ƙanjamau ko ciwon suga a ɓoye, haɗarin ya ƙaru, shi ya sa ake gwada su. Tarin da ya kai mako biyu, a kai majina gwaji, kyauta ne.

Maganin wata 6 ne: wata 2 ana haɗa magunguna huɗu, wata 4 ana shan biyu, gwargwadon nauyin mutum. Jan fitsari aikin rifampicin ne, ɗaya daga cikin magungunan, ba jini ba ne.

Amma maganin yana iya taɓa hanta. Idan ido ya yi rawaya, ko amai ya ƙi tsayawa, a koma asibiti a ranar, kada a ɗora jiƙon shawara a kai. Wanda kuma ya daina sha don tari ya lafa, cutar na iya dawowa, wani lokacin ma ba ta jin maganin farko.