Daga tulin takardu zuwa samfuri guda: tambayoyi da amsoshi kan MBSE

Matasan injiniyoyi a Abuja sun fara cin karo da haruffan MBSE (Model-Based Systems Engineering, wato tsara aikin injiniya bisa samfuri na kwamfuta) a tallan neman ma'aikata da taron bita. Ga abin da aka fi tambaya a kai.

Mene ne shi?

Hanya ce ta tsara manyan ayyuka masu sassa da yawa, irin su jirgin sama, tauraron ɗan'adam ko layin dogo. Abin da aka saba, kowane sashe da nasa kundin: buƙatun mai aiki a wannan fayil, zanen wayoyi a wancan, lissafin nauyi a Excel ɗin wani. A nan kuwa samfuri guda ake ginawa a kwamfuta, inda kowace buƙata take ɗaure da ɓangaren da zai biya ta, da gwajin da zai tabbatar an biya. Ana ci gaba da buga rahoto, amma daga cikin samfurin ake ciro shi. Ƙungiyar injiniyoyi ta INCOSE ta fayyace tsarin a 2007, shekarar da aka fitar da SysML, harshen zanen da aka fi amfani da shi.

Ba zanen 3D ba ne da muka sani?

A'a. Wancan siffa yake nunawa, wannan kuwa alaƙa: me ke ba me wuta, me ke jiran umarnin me.

To me takarda ta gaza yi?

A ce ana tsara jirgin ƙasa irin mai tashi daga Idu zuwa Rigasa, sai aka yanke shawarar ƙara tarago biyu. Nauyi ya ƙaru, dole a sake lissafin birki da ƙarfin inji. Jirgin ya yi tsawo, sai a duba ko dandamalin tasha zai ɗauke shi, a kuma duba inda aka kafa sigina. Idan a takarda ake aiki, sai wani ya tuna ya sanar da ofisoshi huɗu ko biyar, kuma ɗan'adam tara yake bai cika goma ba. A samfuri, da an taɓa adadin tarago za a ga duk abin da ke rataye da shi.

Irin wannan giɓin ya sha jawo asara. A 1999 hukumar NASA ta Amurka ta rasa kumbon Mars Climate Orbiter, domin wata manhaja tana ba da lissafin ƙarfi da ma'aunin fam, mai karɓa kuma yana ɗauka ma'aunin niyuton ne. A 2006 jirgin Airbus A380 ya makara saboda wayoyi: injiniyoyin Jamus da na Faransa sun yi zane da nau'i daban-daban na manhajar CATIA, aka zo haɗawa wayoyin suka ƙi kaiwa. Duka biyun ƙwararru ne suka yi aikin, a mahaɗa aka samu matsala.

Idan an sayi manhaja, shi ke nan?

Nan ne aka fi yin tuntuɓe, kuma abin yana damuna. Sai a biya lasisi mai tsada, a tura mutum biyu kwas, amma oga har yanzu takarda mai hatimi kaɗai yake yarda da ita. Ƙarshenta ana aiki biyu, samfurin kuma ya tsufa don ba wanda ke sabunta shi. Matuƙar shugabanni ba su amince cewa abin da ke cikin samfuri shi ne magana ta ƙarshe ba, kuɗin ya tafi a banza. Har a kwangila ya kamata a rubuta cewa ɗan kwangila zai miƙa samfurin tare da aikin, don kada gyara ya gagara bayan ya tafi.

Ya dace da mu kuwa?

Ya dace. A Abuja akwai hukumar sararin samaniya ta NASRDA, wadda aka harba mata NigeriaSat-1 a 2003, ga hukumar bunƙasa kimiyya da injiniya ta NASENI a Idu, ga jirgin ƙasa na cikin gari da aka buɗe a 2018. Ayyuka ne da yawanci ake haɗa kayan ƙasashe daban-daban. Ƙaramin aiki dai, kamar rijiyar burtsatse guda, bai buƙatar wannan ɗawainiya.

Ta ina za a fara?

Da aiki guda da za a iya riƙewa, misali wutar sola da batir da janareto na wani asibiti. A rubuta buƙatun, a ɗaure kowace da gwajinta, a naɗa mutum ɗaya mai kula da samfurin. Manhajar Capella, wadda kamfanin Thales na Faransa ya ƙirƙiro, kyauta ake sauke ta, ɗalibi ma zai iya fara koyo da ita a laftof ɗinsa.