Ƙin Tashin Tsohuwar Kwamfuta da Lalacewar Faifan Ajiya

Ƙin tashin kwamfuta shi ne yanayin da ake danna maɓallin kunnawa amma na'urar ta kasa kaiwa ga babbar manhajarta, wato Windows ko Linux, ko dai ta yi tsit gaba ɗaya, ko kuma ta tsaya a kan baƙin sikirin mai ɗauke da ɗan rubutu. Matsalar ta fi addabar kwamfutocin da suka kwana biyu, irin na tokumbo da ake shigo da su Legas daga Turai da Amurka ana sayarwa a Computer Village da ke Ikeja da kuma kasuwar Alaba da ke Ojo, waɗanda su ne suka cika shagunan buga takardu da ofisoshin 'yan kasuwa a Agege da Idi-Araba da Mile 12. Galibi faifan ajiya, wanda masu gyara ke kira had-dis, ake fara ɗora wa laifi. Sau da yawa kuwa lafiyarsa ƙalau, wani sashen ne ya gaza tun kafin a zo kansa.

Matakan tashi

Da zarar an kunna kwamfuta, akwatin wuta da ke cikinta yakan mayar da wutar gida zuwa volt 12 da 5 da 3.3 ya raba wa sassa. Daga nan wata ƙaramar manhaja da ke zaune a jikin madabod (babban allon da sauran sassa ke haɗuwa a kansa), wato BIOS, ko UEFI a na'urorin baya-bayan nan, takan yi gwajin farko da ake kira POST, inda take duba ƙwaƙwalwar na'ura da RAM (ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke aiki da ita) da sashen hoto. Sai an haye wannan gwaji ne take waiwayar faifan ajiya. A tsohon tsari, BIOS na karanta sashen farko na faifan ne, mai girman bayit 512, wanda ake kira MBR, a cikinsa kuma akwai ɗan umarnin tayar da babbar manhaja da jadawalin yadda aka rarraba faifan. Sanin wannan jeri shi ne rabin aikin, domin matakin da na'urar ta tsaya shi ke nuna inda ciwon yake. Kwamfutar da ko tambarin kamfaninta ba ta nuna ba, ba ta ma kai ga neman faifai ba, don haka canja mata had-dis asarar kuɗi ce kawai.

Abin da ake dubawa kafin faifai

Idan babu fitila, babu motsin fanka, to zancen wuta ne: waya, caja, ko akwatin wutar kansa. A Legas wannan ba baƙon abu ba ne, saboda yawan ɗaukewa da dawowar wutar lantarki da kuma sauyawa zuwa janareta na gajiyar da waɗannan sassa, musamman inda babu sitabilaiza ko UPS. Idan fanka na juyawa amma sikirin bai kawo komai ba, kuma na'urar na yin ƙara ɗin-ɗin a jere, RAM ake fara tuhuma, ko da yake ma'anar ƙarar ta bambanta tsakanin BIOS na kamfanonin AMI da Award da Phoenix. Danshin iskar Legas na sa haƙoran RAM su dushe, shi ya sa za a ga mai gyara ya zaro ta, ya goge layin ruwan zinaren da robar goge fensir, ya hure ramin, ya mayar har sai maƙallan gefe sun ce ƙas. Na'urori da yawa a nan suke farfaɗowa.

Kwamfutocin tebur da aka ƙera tsakanin 1999 da 2007 suna da wata sananniyar cuta ta kafasita marasa inganci, wato ƙananan sassa masu kama da gwangwani da ke tara wuta a kan madabod. Ana gane su da ido: kan kafasitar yakan kumbura maimakon ya kwanta sumul, wani lokaci har da wani ɓawo ruwan ƙasa kamar tsatsa a samansa.

Akwai kuma batirin CMOS, ɗan kewayayye mai kama da kwabo, samfurin CR2032 mai volt 3, wanda shi ke riƙe agogo da saitin BIOS. Idan ya mutu, kwanan wata yakan koma shekarun baya, saiti kuma ya koma na asali. Wannan ɗan batir ya sa an yi wa fayafai masu lafiya ƙazafi ba iyaka, domin jerin abin da za a tashi da shi yakan rikice, ko kuma saitin SATA, wato mahaɗin faifai da madabod, ya sauya tsakanin tsohon tsarin IDE da sabon tsarin AHCI, sai Windows ta fara tashi ta faɗi da shuɗin sikirin mai lambar 0x0000007B. Maganin bai wuce sabon batir da mayar da saitin yadda yake ba. Haka nan filashin da aka manta a jikin na'ura yana iya tare hanyar tashi.

Alamomin faifai

Rubutun da ke fitowa a sikirin da Turanci yake, kuma ba duka ne ke nufin abu ɗaya ba. "No bootable device" da "Operating system not found" na nuna cewa BIOS ba ta sami abin tashi ba, wanda zai iya zama mutuwar faifai ko kuma kwancewar waya kawai. Amma "NTLDR is missing" a Windows XP, ko "BOOTMGR is missing" a Vista da Windows 7, sukan nuna cewa an karanta wani faifai, fayil ɗin tashi ne ba a samu ba, kuma wannan labari ne mai sauƙi. Abu na farko shi ne a shiga BIOS, ta danna maɓallin F2 a yawancin Dell, F10 a HP, ko Del a kwamfutocin da aka harhaɗa daga sassa daban-daban, a ga ko sunan faifan da girmansa sun bayyana. Idan ba su bayyana ba, sai a kashe wuta a cire waya a sake sakawa, a gwada wata wayar da wani ramin. Fayafan da suka girmi SATA, wanda ya fito a 2003, suna amfani da faffaɗar wayar IDE mai ƙusoshi 40, kuma suna da ɗan maƙalli a baya da ke tantance wane faifai ne babba, wane ne mabiyi. Kuskuren sa shi kan ɓoye faifan ɗungurungum.

Kunne ma kayan aiki ne. A cikin had-dis akwai faranti mai juyawa sau 5400 ko 7200 a minti ɗaya, da wani ɗan hannu mai karatu da ke shawagi a samansa ba tare da ya taɓa shi ba. Lafiyayyen faifai yakan tashi da gunji siriri ya daidaita. Wanda ke ƙas-ƙas-ƙas a kai a kai, ko mai ƙarar karta, ko wanda ke yunƙurin juyawa ya kasa, ya lalace ne ta ciki, kuma duk kunnawar da aka ƙara tana iya kankare farantin tare da bayanan da ke kansa. Irin wannan kashe shi ake yi nan take.

Idan faifan na juyawa kuma BIOS na ganinsa, ana karanta rahoton lafiyarsa da ake kira S.M.A.R.T. da manhaja irin CrystalDiskInfo ko smartctl. Lambobin da suka fi muhimmanci su ne ta 5, mai ƙirga gurabun ajiya na jikin faifan da suka lalace aka maye gurbinsu, da ta 197, mai ƙirga waɗanda karatunsu ya gagara. Rahoto mai kyau dai ba shaidar lafiya ba ne: binciken da injiniyoyin Google suka wallafa a 2007 a kan fayafai sama da 100,000 ya gano cewa fiye da kashi ɗaya cikin uku na waɗanda suka mutu ba su nuna wata alama a wannan rahoto ba.

Ceto bayanai da gyara

A nan ne aka fi tafka ɓarna. Abin da ya fi sauri ga mai gyara shi ne ya yi fomat, wato ya share duk abin da ke faifan, ya zuba sabuwar Windows, kuma kwamfuta za ta tashi, amma lissafin bashin ɗan kasuwa na shekaru da hotunan iyali sun tafi. Ƙa'idar ita ce a fara tambayar mai na'ura, "Alhaji, akwai abin da ba ka da kwafinsa a ciki?" Idan akwai, kwafe bayanai ke gaba da kowane gyara. Ana tayar da kwamfutar da Linux daga filashi, ko a cire faifan a haɗa shi da wata na'ura ta mahaɗin USB. Faifai mai gurabu marasa kyau ya fi dacewa da manhajar GNU ddrescue, domin tana fara kwashe wuraren da ke karantuwa cikin sauƙi sannan ta dawo kan masu taurin kai, kuma tana ajiye tarihin inda ta tsaya, abin da ke da amfani ƙwarai a garin da wuta ke iya ɗaukewa ana tsakiyar aiki. Sakin chkdsk, manhajar Windows ta duba faifai da gyara shi, a kan faifai mai ciwo kafin a kwafe shi ganganci ne, tun da rubutu take yi a kansa.

Dabarar sa faifai a firiza, da har yanzu ake jin ta a bakin wasu, tana jawo raɓa a kan faranti da zarar an fito da shi cikin iska mai danshi. Buɗe murfinsa a kan teburin shago ma ɓarna ce, domin ƙwayar ƙura ɗaya ta fi tazarar da ke tsakanin hannun karatu da faranti girma nesa ba kusa ba.

Bayan an tsira da bayanai, idan faifan lafiya yake kuma sashen tashi ne kawai ya lalace, ana gyara shi da faifan saka Windows, ta umarnin fixmbr da fixboot a XP, ko bootrec a Vista zuwa sama. Idan kuwa ya fara tara gurabu marasa kyau, canja shi ake yi. Duk na'urar da ke da ramin SATA tana karɓar sabon nau'in faifan ajiya da ake kira SSD, mai inci 2.5, wanda ba shi da faranti kuma ya fi jure jijjiga, sai dai shi idan zai mutu ba ya yin ƙara, ɓacewa kawai yake yi daga BIOS. Wajen sake zuba manhaja ana la'akari da cewa Microsoft ta daina tallafa wa Windows XP a Afrilun 2014, Windows 7 kuma a Janairun 2020, shi ya sa wasu masu gyara ke sa wa irin waɗannan na'urori Linux marar nauyi kamar Lubuntu.